Ruwan Da Ya Fita Ta Rariya, Ina Ya Nufa?

 Yau filin namu zai taɓo zancen da ba a cika son yi a gaban baƙo ba, watau zancen ruwan ƙazanta: na wanka, na wanki, na wanke-wanke, da kuma, gafara dai, na masai. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin lafiyar 'ya'yanmu tana rataye da wannan magana.

Ga abin da ya tayar da ita. A watan Nuwamba na 2019, Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan wani umarni mai lamba 009, wanda ya yanke cewa zuwa shekarar 2025 a daina yin bahaya a fili ko'ina a Nijeriya. Binciken gwamnati na 2021 ya nuna mutum kimanin miliyan 48 ne ke yin haka. Maƙwabciyarmu Jihar Jigawa ta cika sharaɗin a 2022, ta zama ta farko a ƙasar nan, amma 2025 ta zo ƙasar ba ta kai gaci ba. Tun daga lokacin da aka fara wannan yaƙi, duk hankali ya koma kan gina masai. Lalle gina masai abu ne mai kyau, sai dai rabin aiki ne. Abin da ya shiga masai ina yake zuwa? Ruwan da muke turawa waje ta rariya safe da yamma, wa yake gyara shi kafin ya sake haɗuwa da bakin mutum?

Mu ne a kan ruwa

Wannan tambaya ta fi hawa kanmu, mu mutanen Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, saboda inda Allah ya ajiye mu. Kogin Kano daga tuddan kudu yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka fara ginawa a 1971 aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ake sakin ruwan da ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, daga nan kuma ruwa ke bin kogi har Tamburawa, inda ake tace shi a tura wa birnin Kano. Yawancin ƙoramunmu, in ba su faɗa Kogin Kano ba, to Kogin Challawa suka nufa, su biyun kuwa a wajejen Tamburawa suke haɗuwa.

Saboda haka, uwargida, ruwan wankin tsumman jaririnki da kika sheƙar a lungu bai ɓace ba. Ko dai ya nitse ƙasa ya nufi rijiyarki da ta maƙwabciyarki, ko ya kwanta a kwata ya zama gidan sauro, ko kuma ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi. Wanda ke ƙasa da ke zai sha, ko ya yi ban ruwan latas da tumatir da shi, a kawo miki kasuwa ki saya. A shekarar 2021 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Kwalara ba iska ce ke kawo ta ba. Hanyarta ɗaya ce: daga bayan gidan mai ciwo zuwa ruwa ko abinci, daga nan zuwa cikin mai lafiya. Haka taifot, haka atuni, haka shan inna. Shi ya sa tun 2011 ma'aikatan lafiya suka fara ɗibar ruwan manyan magudanan birnin Kano suna aunawa, don su gane ko ƙwayar shan inna tana yawo a gari. Kwata ba ta ɓoye sirrin unguwa.

A san sunayen tukuna

Mutum ba ya neman haƙƙinsa a kan abin da bai san sunansa ba. Masana sun raba ruwan ƙazanta gida huɗu.

Na farko shi ne ruwan wanka da wanki da wanke-wanke. Saboda launinsa suke ce masa ruwa toka-toka. Sabulu ne a cikinsa, da maiƙo, da ragowar tuwo. Shi ya fi yawa a gida, shi ne kuma ya fi sauƙin gyara.

Na biyu shi ne baƙin ruwa, watau duk ruwan da ya taɓa bayan gida. Wannan shi ne mai kisa. A nan ina so mu lura da wani abu da muke sakaci da shi: kashin jariri ba shi da bambanci da na babba wajen ɗaukar cuta. Ruwan da aka wanke fo da shi, ko tsumman yaro mai gudawa, baƙin ruwa ne, masai ne wurinsa, ba tsakar gida ba.

Na uku dagwalon sana'a da masana'antu. A birnin Kano, na majemun fata da masaƙu na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi zuwa Jakara. A cikin na majemu akwai wani sinadari da ake kira kuromiyam. Mu ma a nan muna da namu daidai gwargwado: jini da tumbi na mahauta, ruwan jiƙon shinkafar da ake turarawa, ruwan ramukan haƙar kuza na Riruwai, da kuma ruwan da ake ɗauraye tankin feshin maganin ciyawa da shi a bakin rafi. Ki riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da gubar sinadari.

Na huɗu ruwan sama mai bin lungu. Shi da kansa ba shi da laifi, amma shi ne ɗan dakon sauran ukun. Yankinmu kuwa ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, don haka ɗan dakon namu ƙaƙƙarfa ne.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. Matatar ruwa irin ta Tamburawa ruwan kogi take gyarawa don a sha. Wurin gyaran ruwan ƙazanta kuwa aikinsa daban ne, shi ruwan da aka riga aka ɓata yake karɓa, ya rage masa dauɗa kafin a sake shi cikin kogi. Irin wannan akwai babba a Wupa ta Abuja. A garuruwanmu huɗun nan babu bututun da ke kwashe ƙazantar gidaje zuwa irin wannan wuri. Kowane gida da abin da ya tanada.

Yadda ake gyara shi

In aka ce injin gyaran ruwa, sai mace ta zaci wani sihiri ne na Turawa. Alhali kuwa matakai huɗu ne, kuma babu wanda ba ki san irinsa a madafa ba.

Matakin farko tacewa. Ana sa ruwan ya bi ta cikin ragar ƙarfe, ta tare leda da tsumma da kara, sa'an nan a rage masa gudu yashi ya kwanta. Dubi hikimar Hausa: abin tankaɗen gari sunansa rariya, kafar da ruwa ke fita daga gida ita ma sunanta rariya. Sai dai tamu ta jikin katanga ba ta tace komai.

Mataki na biyu kwantarwa. Ana tara ruwan a babban tanki na wasu sa'o'i, mai nauyi ya nitse ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama a yaɗe su. Duk wadda ta taɓa jiƙa gasarar koko ta ga yadda ƙullu ke kwanciya ruwa ya tsaya a sama, ta san wannan aiki. Ku 'yan makaranta, ku gwada: ku cika farar kwalba da ruwan wanke-wanke, ku ajiye ta kwana. Da safe za ku ga hawa uku, laka a ƙasa, ruwa a tsakiya, maiƙo a sama.

Mataki na uku shi ne babba, kuma ba mutum ne ke yinsa ba. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya. Wasunsu ne ke kawo cuta, amma da yawansu masu amfani ne, irinsu ne ke sa nono ya yi tsami, kalwa ta zama daddawa. Dauɗar da ta narke cikin ruwa ita ce abincinsu. In aka hura musu iska sai su hayayyafa, su cinye ta, su dunƙule su nitse. Wasu masana biyu, Ardern da Lockett, su ne suka bayyana wannan dabara a birnin Mancesta na Ingila a 1914, har yau kuma da ita manyan biranen duniya suke aiki.

A nan ne wata kalma take fitowa wadda za ku riƙa ji a bakin injiniyoyi. Ni na fi so in kira ta yunwar iska. Ana ɗibar ruwa a kwalba, a rufe, a ajiye kwana 5, a auna yawan iskar oksijin da waɗannan halittu suka shanye. In sun sha da yawa, to dauɗar ruwan tana da yawa ke nan. Ruwa mai tsananin yunwar iska, irin na mahauta, in ya shiga rafi sai ya ƙwace iskar da kifi ke shaƙa. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci ake ganin kifaye sun taso matattu, ruwa ya yi baƙi yana ɗoyi. Ruwa ba ya tsami banza.

Mataki na huɗu kashe ragowar ƙwayoyin cuta, da sinadarin kulorin ko da wani irin haske mai ƙarfi. Ita kuma lakar da aka tara, sai a shanya ta a fili na musamman har ta bushe, ta daɗe a ajiye kafin a yi taki da ita.

Wanda ya dace da mu

Irin wancan inji yana son wutar lantarki dare da rana, da ma'aikata masu horo, da kuɗin gyara. Kowa ya san halin da muke ciki. Amma akwai hanyar da ta fi dacewa da ƙasa mai rana da fili irin tamu, ita ce ta tafkunan gyaran ruwa. Ana haƙa tafki uku a jere. Na farko mai zurfi ne, a nan laka ke kwanciya tana ruɓewa. Na biyu ya fi faɗi bai kai na farko zurfi ba, gansakuka ke tsirowa a cikinsa tana ba bakteriya iska kyauta. Na uku bai fi zurfin mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba, don rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yakan yi makonni kafin ya fita ta ƙarshe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe da irin wannan tafki.

Kada wata ta ce, ai kududdufin bayan gidanmu ma haka yake. Akwai bambanci. Shi tafkin gyara ana yinsa nesa da gidaje, a daɓe ƙasansa don kada ya yoyo, a kewaye shi don yara da dabbobi, a kuma san abin da ke shiga da abin da ke fita. Kududdufi kuwa kowa da abin da yake zuba masa, a ciki yara ke iyo, a ciki ake wanki. In mai tsargiya ya yi fitsari a irin wannan ruwa, ƙwan cutar sai ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, daga nan tsutsar ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga. Fitsarin jini ba alamar girma ba ne ga yaro namiji kamar yadda wasu suke faɗa, ciwo ne, kuma yana kama 'ya'ya mata har ya taɓa mahaifa. A kai su asibiti, akwai magani.

Sokawe da tanki ba ɗaya ba ne

Yanzu gidajen siminti suna yawa, amarya ma takan ce sai masai na ruwa. Madalla. Amma a nan ne rashin sanin suna yake cutar da mu. Mun saba kiran komai sokawe, alhali abu biyu ne. Akwai tankin saftik, ɗaki ne na ƙarƙashin ƙasa wanda aka shafe cikinsa da siminti ƙasa da gefe, ba ya yoyo, yawanci an raba shi biyu. A cikinsa laka ke kwanciya. Sa'an nan akwai sokawe na ainihi, rami ne na biyu wanda ruwan da ya tsattsafo daga tanki yake shiga, ƙasa ta tsotse shi a hankali tana tace shi.

Sau da yawa magini yakan haƙa rami ɗaya tak, ya bar gindinsa a buɗe, ya ce an gama, har ya yi alfahari da cewa ba zai taɓa cika ba. Dalilin rashin cikarsa shi ne ƙazantar tana zarcewa cikin ruwan ƙasa. In rijiya tana kusa, an gama da ita, ko da kuwa ruwanta garau yake kamar hawaye. A Landan, a shekarar 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin annobar kwalara har ya gano famfon rijiya guda ɗaya a wata unguwa, daga baya aka tarar wani ramin masai ne a gefenta yake yoyo. Mutane kuwa suna son ruwan wannan rijiya saboda daɗinsa.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suke bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30, watau kimanin ƙafa 100, tsakanin masai ko sokawe da rijiya, masai ya kasance ta gangare, kuma gindin ramin kada ya kusanci inda ruwa ke kaiwa da damina. In fili ya yi kaɗan, sai a zauna da maƙwabta a shirya, domin ruwan ƙasa bai san katanga ba. Uwargida, ba sai kin fita wajen magina ba. Ki tambayi maigida cikin ladabi: Malam, ramin nan ɗaya ne ko biyu? An shafe gindin na farkon? Taku nawa ne zuwa rijiya? Tun ran gini, tun ran zane.

Abin da ke hannunki

Mai masai na gargajiya ma ba a bar ta a baya ba. A yi masa murfi, a riƙa zuba toka. In da hali a sa masa dogon bututu mai raga a kai, ya fitar da wari ya kuma kama ƙuda. Wannan dabara a ƙasar Zimbabuwe aka ƙirƙiro ta a shekarun 1970. In masai ya cika, abin da ya fi shi ne a rufe shi da ƙasa a koma wani, a bar shi shekara biyu kafin a kwashe, lokacin ƙwan tsutsar ciki ya mutu, abin ya zama taki. In kuwa tilas sai an kira 'yan gidan kowa da akwai, to a tambaye su inda za su kai. A rafi ko ɗanye a gonar kayan miya, wannan mayar da cuta gida ne.

Ruwan wanka da wanke-wanke kuwa, ga yadda za ki yi masa matakan nan a gidanki. Ki kwashe ragowar abinci kafin wanke kwano, ki ba kaji. Ki sa 'yar raga a bakin rariya. A bayanta a binne tsohon bokiti inda ruwa zai ɗan tsaya, laka ta kwanta, maiƙo ya taso, ki riƙa kwashewa duk mako. Daga nan ruwan ya wuce cikin rami mai zurfin kamar mita ɗaya, wanda aka cika da fasassun bulo da duwatsu da tsakuwa, aka rufe samansa. In kina da fili, ki dasa ayaba ko gwanda ko zogale a gefe, su shanye damshin. Kin huta da sauro, kin huta da faɗan maƙwabta a kan kwata, wanda sau da yawa yakan kai har gaban mai unguwa.

Ruwan sha kuma, alam da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka ne kawai, ba sa gama kashe ƙwayoyin cuta. Bayan ya kwanta sai a tafasa, ko a sa kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jira minti 30. A rufe randa, moɗa ta zama guda ɗaya mai mariƙi. Latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye a wanke su sosai da ruwa mai tsabta. Ku kuma 'yan mata, kada ku jefa audugar al'ada ko famfas na ƙannenku cikin masai na ruwa, suna toshe bututu. A ƙone su ko a binne.

Abin da ya fi ƙarfin gida

Kada a ɗora wa mace dukan kaya. Akwai abin da sai hukuma. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen lafiya da ma'aikatan duba-gari, kuma tun 2007 akwai hukumar tarayya ta NESREA mai sa ido a kan masu gurɓata muhalli. Abin da ya kamata ƙungiyoyin mata da na iyayen yara su nema a bakin kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi ba shi da yawa. A ware fili a bayan kowane babban gari, nesa da rafi, inda masu kwasar masai za su riƙa zubawa ana shanyawa. A yi wa mahautai da manyan kasuwanni, irin ta Kwanar Ɗangora da ta Tudun Wada, tanki da tafkin gyaran ruwa daidai girmansu. Makarantun kwana su sami masai wadatattu da mai kula da su. Duba-gari kuma ya duba rami tun ana haƙa shi, kada ya jira sai an yi rashi.

Duk mai neman ƙuri'arki zai yi miki alkawarin rijiyar burtsatse, domin ita ake gani a ɗauki hoto. Ki karɓa da godiya, sa'an nan ki tambaye shi abin da ya tanada wa ruwan bayan an gama amfani da shi. Kurkunu ya addabi kakanninmu shekaru aru-aru, amma da tace ruwa da tsare tafkuna aka kore shi, har aka tabbatar wa Nijeriya a 2013 cewa ta rabu da shi. Mata ne suka riƙe ƙyallen tacewar nan a bakin randa. Abin da aka yi wa kurkunu ana iya yi wa kwalara, in kowace ta fara daga rariyar gidanta, hukuma kuma ta ɗauki nata kason.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai mun sake saduwa a wannan fili.